Ɗakin Suracen Inna

Ina kan keken ɗinki ina kalmasa bakin wata abaya wayata ta yi ƙara. Ranar Talata ce a watan Rajab, saura kaɗan a kira azahar, shagon da nake aiki a unguwar Rusaifa, nan Makka, ya cika da mata. Da na ga lambar Iya ce sai na san ba lafiya ba, domin Iya ba ta kiran mutum, wayarta ta amsawa ce kawai. Ita ce tsohuwar da ke zaune a ɗakin ƙasa na gidan mahaifina a unguwar Utaibiyya tun ina yarinya.

"Ɗiyata," ta ce, "ki zauna tukuna."

"A zaune nake, Iya. Lafiya?"

"Yana numfashi. Ki fara riƙe wannan. Babanki yana numfashi, mota ta tafi da shi asibiti, yayanki ya bi su."

"Faɗuwa ya yi?"

"A ɗakin suracen uwarki na iske shi. Shi kaɗai ya shiga, ya shiga da kaskon gawayi."

Na tashi na bar allura a cikin yadin. Mai shagon ce ta miƙo mini jakata, ta tare mini mota da kanta. A hanya babu abin da nake maimaitawa sai maganar Iya ta farko, yana numfashi. Wata tara ke nan da muka binne Inna, kuma na san a raina cewa in wani abu ya sami Baba a ɗakin nan, da hannuna a ciki.

Ɗakin suracen yana saman gidanmu, a kusurwar da ke bayan tankin ruwa. Baba kafinta ne, shi ya haɗa shi da ragowar katako a shekarar da aka haife ni. Mutum ba ya tsayawa a cikinsa, a sunkuye ake shiga a zauna. Barguna uku ne suka lulluɓe shi, na huɗu shi ne ƙofa. A ciki akwai kujera mai faɗi, a gabanta kuma gurbin da ake ajiye tukunya. A ƙasar Hausa, in ji Inna, mutum bargo kawai yake lulluɓa a kansa ya sunkuya bisa tukunyar ganye. Ita ce ta ce wa Baba tunda ya iya haɗa wa mutane kabad, ya haɗa mata wanda mutum zai shiga gaba ɗayansa.

Maƙwabtanmu Larabawa sun daɗe suna mana dariya. Suna cewa wanda ke son gumi a Makka ai ya fito tsakar rana ya tsaya kawai. Amma in sanyi ya shigo, ko aka gama aikin Hajji tari ya bi gida gida, ko wata ta haihu jikinta ya ƙi sakewa, sai ka ga matansu suna hawowa benenmu a hankali suna sallama. Inna ba ta taɓa tuna musu dariyarsu ba. Tukunya take ɗorawa.

Tukwanen biyu ne, na dalma, manya. Ɗaya tana kan kaskon gawayi a waje tana tafasa, ɗaya tana ciki gaban mai surace. Wanda ke ciki yana janye murfi kaɗan kaɗan, yana motsa ganyen da muciya tururi ya taso. In ta huce, na waje ya ɗauke ta da tsumma ya shigar da mai zafin. Saboda haka aikin na mutum biyu ne. Garwashi kuwa ba ya ƙetare bargon ƙofa. Na taɓa ganin Inna ta kori wata mata babba daga saman gidan saboda ta ce a shigar mata da kaskon don zafin ya fi kama ta. "Tururi magani ne," in ji Inna, "hayaƙin gawayi kuma ba ya sallama, ba ya ƙanshi, sai dai a iske ki."

Abin da ta fi tsanantawa a kai shi ne hira. Wanda ke waje ba ya barin na ciki ya yi shiru. Tana zama a kan 'yar kujerarta jikin bargon, tana tambaya ana amsawa, kunnenta yana kan muryar. In ta ji murya ta yi laushi ko magana ta fara hargitsewa, sai ta yaye bargon nan take, ko da mutum yana roƙon a ƙara masa lokaci. Mata takan tambaye su sunayen jikokinsu ko abin da suka dafa jiya. Baba kuwa tambayarsa ɗaya ce shekara da shekaru, garuruwan da mahaifinsa ya ratsa da ƙafa daga Kano zuwa Makka.

"Malam, mahaifinka ya bar Kano, ina ya nufa?"

"Yarwa."

"Daga nan fa?"

"Ke kullum tambaya ɗaya, sai ka ce ma'aikacin jawazat na shige da fice yana neman takarda."

"Amsa dai, tsoho."

"Abashe. Sai Sawakin."

"Ka tsallake Fashir."

"Yau ban biya ba. Ba ni da kowa a can."

Sai ta yi tsaki tana dariya, amma duk da haka ta ɗaga gefen bargon ta leƙa idanunsa. Ta san da gangan yake yi, shi ma ya san za ta leƙa. Ni ina gefe ina fifita garwashi, tun ina ƙarama har na yi aure na koma Rusaifa, in na zo gida nan nake zama.

Ganye biyar take haɗawa. Darbejiya tana samunta a bakin titi, domin Makka cike take da ita. Akwai na'ana'a, da ɓawon lemun tsami, da ganyen magarya. Na biyar ɗin gari ne mai duhu da take ajiyewa a wani tsohon gwangwanin madara. Wata 'yar garinsu ce take kawo mata in ta zo Umara, a ƙulle cikin leda. Inna ba ta kiransa da suna, cewa take, miƙo mini na gida. Cokali ɗaya take zubawa bayan an sauke tukunya, sai ƙanshin ya canja. Ban taɓa tambayarta ko mene ne ba. A ganina akwai lokaci.

Ta rasu a watan Shawwal, bayan jinyar kwana shida. Ni da Iya muna cikin matan da suka yi mata wanka. Wanda ya taɓa yi ya san da ganyen magarya ake yi. Matar da ke jagorantar wankan ta kaɗa garin magaryar a ruwa har ya yi kumfa, ta miƙo mini, na zuba wa mahaifiyata a kai. Na yi duk abin da aka ce in yi, ban yi kuka a wurin ba. Amma daga ranar ƙanshin magarya ya daina zama ƙanshin saman gidanmu a wurina. Ko a kasuwa na wuce mai sayar da ganye na ji shi, sai numfashina ya tsaya. Ban sake hawa saman gidan ba.

Baba ya ƙi komawa gidan kowa a cikinmu. Yaya, babban wana, ya roƙe shi har ya gaji. Iya ce take kai masa abincin rana, ni kuma ina zuwa bayan la'asar kwana uku a mako. Da sanyi ya shigo sai tari ya kama shi.

Sau uku ya tambaye ni. Na farko cewa ya yi, "Uwata, ƙirjin nan ya yi nauyi." Haka yake kirana saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Na gane abin da yake nufi, amma na je kantin magani na sayo masa na tari. Na biyu ya ce, "Bargunan nan na sama suna son rana." Na ce sai Juma'a, Juma'ar ta zo na kawo wani uzuri. Na uku ya fito fili, yana kallon kofin shayinsa ya ce, "Ki ɗora mini tukunya mana." Na ce, "Baba, ka bari a kwana biyu." Ya ce, "To, Allah ya kai mu." Baba ba ya tambayar abu sau huɗu, na kuma san haka tun ina yarinya.

A asibiti na iske Yaya yana kai da komo a bakin ɗaki. Ya nuna mini ƙofa da hannu. Baba yana kwance an rufe masa hanci da baki da abin shaƙar iska. Fuskarsa ta faɗa, amma idanunsa a buɗe suke, kuma da na shigo suka biyo ni. Na zauna a ƙasa jikin gadon na kama ƙafarsa. Da ɗumi. Tun da na baro shago sai a lokacin na iya cewa alhamdu lillahi a fili.

Ya ɗaga abin da ke fuskarsa kaɗan. "An kashe garwashin?"

"Baba, mayar da abin nan."

"Tukunyar uwarku ce a kai. Kada ta ƙone."

Likita ya shigo ya yi mana bayani da Larabci. Ya ce hayaƙin gawayi ne a wurin da iska ba ta shiga, kuma an fito da shi da wuri. Ya ce zai kwana biyu a wurinsu, in Allah ya so ba abin da zai bari a jikinsa. Da ya fita sai Yaya ya juyo kan Baba. Yaya a makarantar Larabci ya tashi, a ofis yake aiki, in ransa ya ɓaci Hausa guduwa take daga bakinsa. Ya yi ta zubawa da Larabci, me ya sa, don me, yanzu da ba a gan ka ba fa. Baba ya bari sai da ya numfasa, sannan ya sake ɗaga abin fuskar.

"In za ka yi mini faɗa, yi da Hausa. Ya fi shiga."

Yaya ya juya ya fuskanci bango. Na ga kafaɗunsa suna rawa, ban san dariya ce ko kuka ba, na kuma bar shi.

Da yamma na je gida ɗauko wa Baba kaya, Iya ta ba ni labari. Ta ce gyaɗa ta hau shanyawa. Tun daga matakala ta ji ƙanshin ganye, har ta yi murna, ta ce ashe ɗiyar ta zo. Da ta isa ba ta ga kowa a kan 'yar kujerar ba, kaskon ma ba ya wurinsa. Ta yi sallama sau biyu, shiru. Ta yaye bargon, ta gan shi ya jingina da katako, kansa ya langaɓe, tukunya na tafasa a kan garwashi tsakanin ƙafafunsa. Baba ya san dokar sarai. Amma babu mai canja masa tukunya, shi ya sa ya shigar da wutar don kada ruwan ya huce.

Iya ta haura shekara saba'in, ba ta da jiki, amma ta kama ƙafafunsa ta jawo shi waje, ta leƙa ta katanga ta yi ta ƙwala wa maƙwabta kira. Ita daga Damagaram ta zo aikin Hajji ta zauna, ba ta da takardar zama. Da motar asibiti ta iso, mazan unguwa suka ce ta shige ɗakinta. Ta ƙi.

"Shekara talatin in na hango mai kaki sai in bi lungu," ta ce mini. "Yau na ce in za su kwashe ni su haɗa mu tare, ni na san yadda na iske shi, ni zan faɗa musu. Ɗiyata, ko kallona ba su yi ba. Har na ji haushi."

Na yi dariya, na rungume ta, sai dariyar ta koma wani abu. Ta bar ni na gama.

Ranar Alhamis aka sallami Baba. Bayan mun kwantar da shi, na ji motsi a sama. Na tsaya a ƙasan matakalar na ɗan lokaci, sannan na hau, karo na farko cikin wata tara. Yaya na tsaye gaban ɗakin suracen da gudumar Baba a hannunsa, ya riga ya yaye bargo ɗaya ya jefar gefe.

"Me za ka yi, Yaya?"

"Halas, an gama. Yau zan rushe shi. Makka gaba ɗayanta surace ce, me ake da wannan akurkin?"

"Ka tambayi Baba?"

"In na tambaye shi zai ce a'a, jibi ya sake shiga. Kin san shi. Kina so mu yi jana'iza biyu a shekara ɗaya?"

Na ce ba na so. Na ce amma ɗakin bai yi laifi ba, shekara arba'in da wani abu ana shiga ana fita lafiya.

"Lokacin akwai mai zama a bakin ƙofa," in ji shi. "Yanzu wa zai zauna? Iya ba ta iya ɗaukar tukunya. Ni ban san kan abin ba. Ke kuma ko benen ba kya hawa."

Sai na faɗa masa. Na ce Baba ya tambaye ni sau uku, ni na ƙi. Ban faɗa wa kowa ba kafin nan, har mijina. Yaya ya sauke gudumar ya daɗe yana kallona. Shi ne ya tsaya a bakin ƙofa ranar da na fito daga wankan Inna, shi ya riƙe ni har mota, saboda haka bai tambaye ni dalili ba.

"Za ki iya?"

"Ban sani ba. Zan zauna dai."

Muka sauko tare muka sami Baba a falo, ashe bai yi barci ba, ya ji komai ta tagar bene. Bai roƙi kowa ba. Ya ce, "Gudumar nan ƙotarta ta saki, a mayar mini da ita wurinta." Da Yaya ya fita mayarwa sai ya ce da ni, ba tare da ya dube ni ba, "Ba tarin ne kaɗai ba, uwata. Kun wanke kayanta kun rabar, haka ya kamata. Amma gidan nan babu inda ya rage da ƙanshinta sai can."

Yaya ya kafa sharaɗi. Sai likita ya yarda, kuma kaskon zai koma ɗakin Iya, ba za a hau da shi ba sai ina nan. Da muka koma asibiti bayan mako biyu na tambayi likitan da bakina. Ya ce a bar shi ya ƙara warwarewa, kada ya daɗe a ciki, kada zafin ya yi yawa, ya sha ruwa, kada wuta ta shiga, kuma lallai wani ya zauna kusa yana jin muryarsa. A mota Baba ya ce, "Wannan yaron ya yi karatu mai yawa kafin ya iso inda uwarku take."

Gyaran ya ɗauke mu kwana biyu ni da Iya. Inna duk ranar da aka yi surace sai ta shanya bargunan a kan katanga, ta bar ƙofa a buɗe katakon ya bushe, ta wanke tukwanen da toka ta kife su. Wata tara babu wanda ya yi haka. Bargunan sun yi ƙura sun yi wari, na ƙasa har ya fara fumfuna a gefe. Kyanwa ta haihu a ƙarƙashin kujerar ta tafi ta bar gashi. Tukunyar da Baba ya ɗora ta ƙone a gindi, na jiƙa ta kwana guda, na kankare ta da toka da soso har yatsuna suka yi zafi. Muka wanke bargunan a babban baho, ina takawa da ƙafa Iya na zuba ruwa tana cewa uwata ta fi ni ƙarfin ƙafa. Katako ɗaya ya tsage daga sama. Baba ya sa aka hau da shi a hankali, ya zauna a kujera yana nuna wa Yaya inda zai buga ƙusa, yana cewa ɗan kafinta ne amma yana riƙe guduma kamar alƙalami.

Da na zo kan ganye na tsinko darbejiya, na sayo na'ana'a da lemun tsami. A kan magarya na tsaya. Na ce wa Iya ko a bar ta, sauran sun isa.

"Ganye ɗaya ne, ɗiyata," ta ce. "Ya yi wa masu jego aiki kafin ya yi wa mamata. Uwarki ta ce mini ranar da ta fara shiga ɗakin nan kina goye a bayan kakarki, da shi aka yi mata. In kin cire shi, babanki zai sani tun daga ƙofa."

Na aiki mijina ya sayo, domin ban iya tsayawa gaban mai sayarwa ba.

Sai na buɗe gwangwanin madara. Babu komai a ciki sai ɗan ƙura a gindi. Baba ya juye ragowar a tukunyarsa ranar Talatar nan. Na tambaye shi sunan abin, ya ce shi katako ya sani. Iya ta shinshina ta ce ba na ƙasarsu ba ne. Matar da take kawowa kuwa ta riga Inna rasuwa da shekara biyu.

Ranar Juma'a da hantsi muka yi. Na hura garwashi a waje, nesa da bargon, na ɗora tukunya. Da ta fara tafasa na ɗaga murfin, ƙanshin magarya ya bugi fuskata. Na koma da baya na jingina da tankin ruwa. Na ga hannuna da kumfa a kai kamar ranar wankan Inna, na ga farin yadin likkafani. Iya ba ta matso ba, ta ci gaba da fifita wutar. Na tsaya a nan ina shaƙa, domin babu inda zan je, Baba yana hawowa. Can sai ɗacin darbejiya ya taso, lemun tsami ya biyo, ƙanshin ya gauraya ya koma wanda na sani tun ina fifita wuta da hannu biyu. Na share fuskata da gefen mayafi na ɗauki tsumma.

Baba ya shiga a sunkuye, da zane a kafaɗarsa. Na ajiye masa tukunya da muciya, na saki bargon ƙofa, na zauna a kan 'yar kujerar Inna. Ta yi mini ƙasa, gwiwoyina suka kusa taɓa haɓata. Yaya ya ce shi tankin ruwa ya zo dubawa, amma idonsa yana kan agogo.

Na rasa yadda zan fara. Ba na iya kiransa tsoho, ba na iya yi masa tsaki.

"Baba, kana ji na?"

"Ina ji. Haka za ki yi ta tambayata?"

Na ce, "Kaka ya bar Kano, ina ya nufa?"

Na ji murfin tukunya ya motsa.

"Yarwa."

"Daga nan fa?"

"Abashe."

"Sai ina?"

"Sawakin."

Ban san lokacin da na miƙe na yaye bargon ba. Tururi ya fito ya rufe mini ido. Da ya washe na gan shi zaune daram, muciya a hannu, gumi na bin gemunsa, idanunsa tar a kaina.

"Uwarki takan fara yi mini faɗa kafin ta ɗaga," ya ce. "Kin zubar mini da zafi."

"Ka tsallake Fashir, Baba."

"Ba ni da kowa a can."

Yaya ya fashe da dariya a bayan tankin. Iya ta ce, "Wannan tsoho ko ya mutu sai ya tsokani masu wanka," sannan ta kama bakinta ta dube ni. Na ga ni ma dariya nake. Na saki bargon, na canja masa tukunya, muka ƙarasa hanyar har Jidda ba tare da ya tsallake ko'ina ba. Da lokacin da likita ya ce ya cika na buɗe, bai yi gardama ba.

Na lulluɓe shi, na ba shi ruwa, ya zauna a inuwar katanga yana sauke numfashi a hankali. Ƙirjinsa ba ya kukan da yake yi. Na shanya bargunan, na bar ƙofar a buɗe, na wanke tukwanen na kife su, Yaya ya sauka da kaskon zuwa ɗakin Iya.

"Ya yi, uwata," in ji Baba. "Allah ya yi miki albarka." Ya dubi ɗakin. "Sai dai ƙanshin bai cika ba."

Na ce na sani.

Tun daga ranar duk Juma'ar da akwai sanyi ina zuwa da hantsi, in zafi ya shigo mu naɗe bargunan mu ajiye. Baba bai sake hawa shi kaɗai ba. Gwangwanin na sa shi a jaka na kai Misfala wurin masu sayar da ganye 'yan ƙasarmu. Mutum huɗu suka shinshina, kowa ya faɗi suna daban, na sayo biyu na gwada, Baba ya ce ba su ba ne. Na rufe shi da leda don kada ɗan ƙanshin da ya rage ya fita, yana kan kanta a kicin ɗin Inna. Har yau ban gano ganye na biyar ba.